Ƙirji a Kan Gora

Tun ranar da ciwon ƙirji ya kayar da Fannami a bakin kogin Haɗeja, zuciyarsa ba ta koma daidai ba. Takan yi gudu, ta tsaya, sannan ta ci gaba. Malamin asibitin gwamnati ya hana shi kamun kifi, abokan sana'arsa ma suka daina biyo masa.

Shi kaɗai yake shiga ruwa yanzu. In ya kifa ƙirjinsa a kan babban goran masunta, goran yakan maido masa da kowane bugu. Da matarsa Mairam na da rai, ita za ta kasa kunne.

"Ka ji, ta sake tsayawa," ya ce wa goran.

Suka jira ta tare.