Motar da Ta Shanye Fadama

Ran da ɗana Ja'afaru ya shigo unguwa da motar, kowa ita yake kallo, ni kuwa fuskar Mero nake kallo. Tana tsaye a bakin zaurensu da tsintsiya a hannu. Motar baƙa ce wul, doguwa, sai ka ɗaga ƙafa sosai kafin ka hau, ko ledar kujerunta ba a ɓare ba. Ja'afaru ya zo ya tsayar da ita daidai gefen ta Yahya ɗan Mero, yadda na gaya masa tun kafin ya tafi Kano ɗauko ta. Nan take ta Yahya ta koma kamar ɗan tsako a gindin kaza.

Mero ta tako, ta shafa ƙofar motar, ta ce, "Yaya, Allah ya sa alheri, ya tsare hanya."

Na ce amin. Na leƙa idonta ko zan ga wani abu, ban gani ba. Wannan ma ya ɓata min rai.

Mero matar ƙanin marigayi mijina Malam ce. Katanga ɗaya ta raba mu a nan Kudan shekara talatin da wani abu, ba mu taɓa faɗa ba, Allah ne shaida. Amma tun da ɗanta Yahya ya sayi wata 'yar tsohuwar mota ja, yake kai ta asibiti da gidan biki, abinci ya daina yi min daɗi. Sai ta leƙo ta ce, Yaya za mu Makarfi, ko za ki? In shiga baya, ita tana gaba, gwiwata na dukan kujerarta. Shekara biyu ina kallon ƙeyar Mero.

Bara tumatir ya yi wa Ja'afaru kyau a fadamar da ubansa ya bari. Ya zo ya durƙusa ya ce yana so ya sayi injin ban ruwa mai aiki da hasken rana, ya huta da sayen mai. Na ce masa rana ba ta kai uwa asibiti. Kwana uku ina amsa gaisuwarsa da ka. A na huɗu ya tambaye ni wace iri nake so. Na ce ban san sunayensu ba, wadda dai ta fi ta Yahya.

*

Akwai wata 'yar allura a gaban direba, ita ke nuna mai. Ban yi boko ba, amma cikin sati ɗaya na iya karatun allurar nan tsaf. Ranar Laraba muka cika tanki muka tafi kasuwar Makarfi. Ya kai matarsa awo, ya kai ni dubiya Zariya sau ɗaya. Kafin wata Larabar ta zagayo allurar ta kwanta. Yahya kuwa shi da bakinsa yake faɗa, in ya zuba galan biyu sai ya manta hanyar gidan mai.

Da farko na ce 'yan gidan mai ne ke zuba mana iska. Muka canja wuri, duk ɗaya. Sai na ce baki ne. Hannun Mero da ya shafi ƙofar nan ya dawo min a rai. Allah na tuba, na yi tofi a kofi na yayyafa wa tayoyin huɗu, na turara habbatussauda a ciki har Ja'afaru ya yi ta tari. Allurar ba ta san ina yi ba.

Muka kai ta wajen wani bakanike a Makarfi, Jumare sunansa. Ya shiga ƙarƙashinta ya fito, ya buɗe gaba ya shinshina, ya ce ba inda take yoyo, lafiyarta ƙalau, haka aka ƙera ta.

"Hajiya, filogi shida ce fa," in ji shi yana goge hannu. "Wanda ya ɗaure bijimi ai ba ya yi masa awon dusar akuya."

Ban je Makka ba, amma tun da motar ta zo ake ce min Hajiya, ban kuma hana kowa ba.

Ya ba Ja'afaru shawara ya sayar da ita tun tana ƙyalli. Ban bar shi ya ƙarasa ba. Sai ya ce to a riƙa kashe esi, don sanyin nan ma mai yake sha. Wannan na yarda, da sharaɗi ɗaya: ba a sauke gilashi sai mun fita gari. Haka muke ratsa unguwa gilashi a rufe, gumi na bin bayana har ya jiƙa zane, ina ɗaga wa mutane hannu ina murmushi. Sai mun wuce gidan ƙarshe Ja'afaru ya sauke, mu ja numfashi kamar waɗanda aka tsamo daga rijiya.

Kuma a garinmu mai mota ba shi kaɗai ke da ita ba. Mai naƙuda, masu zuwa ta'aziyya, masu kai lefe, duk ƙofarka za a buga. Ka ce a kawo na mai kuwa, ka zubar da mutuncin gidanku ke nan, abin da za ka samu Allah ya saka da alheri. Duk masu buga ƙofar Yahya suka dawo tamu, tunda tamu ta fi ɗaukar mutane. Ni daɗi nake ji, kowane bugu ji nake kamar kirari. Yahya kuwa har ƙiba ya yi.

*

Da bazara ta shigo, mai ya ɓace. Gidajen mai suka ɗaure igiya a ƙofa, masu sayarwa a bakin titi ma suka kwashe galan ɗinsu. Lokacin tumatirin bana ya cika da fure. Ja'afaru yana da jarkar mai ɗaya da ya ɓoye a ɗakin buhuna, ya lulluɓe ta da tsohon buhu, ta injin ban ruwa. Duk bayan kwana uku ake ba tumatirin ruwa. A fadama na tashi, ba wanda zai koya min: tumatir mai fure in ya yi kwana biyar ba ruwa a wannan zafin, sai dai a yi masa addu'a.

A satin ne aka yi bikin Rumaisa, autar Mero, za a kai ta Ikara. Ranar kamu, tsakar gida cike da mata, Mero ta ce Yahya ne zai ɗauki amarya, sauran su bi bas. Wata daga gefe ta ce, ga babbar mota a gida?

Kafin in yi tunani bakina ya riga ni. Na ce Rumaisa 'yata ce, ba za a naɗe ta kamar tabarma a kai ta gidan miji ba, a tamu za ta. Aka rangaɗa guɗa. Mero ta matso ta yi ƙasa da murya.

"Yaya, da wannan wahalar man? Ki bar shi, ta Yahya ta isa."

Na ɗaga murya yadda kowa zai ji na ce, "Mu ba mu san wata wahalar mai ba."

Ranar kai amarya, bayan azahar, Ja'afaru ya zo ya durƙusa a bakin ƙofata.

"Inna, ba ko ɗigo a motar."

"Na ga jarka a ɗakin buhuna."

"Na tumatir ne. Jibi ne ban ruwa."

Na ce masa na riga na yi magana a gaban mata, sai dai in so yake a ce uwarsa maƙaryaciya ce. Na ce Ikara nan da can ce, kafin jibi Allah zai kawo mai. Na tuna masa nonon da ya sha. Ya yi ta zane a ƙasa da yatsa. Can ya tashi. Daga ɗaki ina jin motar tana haɗiyar jarkar, ƙut, ƙut, ƙut, har ta ƙare.

Bayan la'asar muka tashi. Uwa ba ta kai 'yarta, don haka Mero ta tsaya a bakin zaure tana share hawaye, ni ina gaba, amarya da ƙawayenta a baya. Ranar na ce a kunna esi na gaske. Da muka shiga Ikara yara suka bi mu da gudu, dangin ango suka riƙa tambayar ta waye. Ba zan ɓoye ba, tun da Malam ya rasu ban ji daɗi irin na wannan yammacin ba.

A dawowa, mun wuce Makarfi kaɗan, ta yi tari sau biyu ta mutu. Ja'afaru ya gangara gefen titi ya kifa kai a sitiyari. 'Yar jar motar da ke bin mu a baya ta tsaya. Yahya ya fito da tiyo, ya zura a tankinsa, ya zuƙa da baki, ya tofar yana dariya, ya cika galan ya juye mana. Ina jin shi yana ce wa ɗan'uwansa kada ya damu, abin da ya rage zai kai shi gida har ya je aiki gobe. Ni ban fito ba. Na zauna gilashi a rufe ina jan carbi, ban san me nake karantawa ba.

Da muka isa gida Mero ta riƙe hannuna biyu ta ce na fitar da ita kunya. Na ce ba komai.

*

Washegari Ja'afaru ya hau acaɓa tun da sassafe ya tafi Zariya neman mai. Da hantsi mata suna tsakar gidana suna wanke tukwanen biki, sai ga Mero da rabin jarka a ka. Ta sauke a gabana tana haki. Ta ce Yahya ya ji cewa man fadama ne aka zuba jiya, ga wanda ya ajiye, a kai wa injin.

Na kalli jarkar. Na san abin da ke cikinta, ruwan kwana shida ne, furen nan ne gaba ɗaya. Na kuma ji wankin tukwane ya tsaya. Ba wadda ta ɗago kai, amma kunnuwansu duk suna wajenmu.

Na ce, "Wa ya gaya masa? Muna da shi jarka-jarka a ɗaki."

"Yaya, tumatir fa."

"Na ce muna da shi. Ki yi masa godiya."

Ta sunkuya ta ɗauka. Ni da kaina na taya ta ɗorawa a ka.

Ja'afaru ya dawo hannu rabbana. Ya koma washegari, ya dawo haka. Ban gaya masa ba. Kullum in ce gobe zan faɗa, in na buɗe baki sai in ga fuskar Mero tana miƙo jarka, sai in tambaye shi ko ya ci abinci. Shi da matarsa suka koma ɗiban ruwa da bokiti daga rafi har kafaɗarsa ta sale. Amma fadama ba tukunyar fure ba ce, kana zubawa a nan can yana bushewa.

Ran kwana na shida ya samu mai. Ya kunna injin, ruwa ya bi kunya-kunya, ya tarar furen ya riga ya zube, ganyen ya nannaɗe kamar an babbaka. A hanyar dawowa ya haɗu da Yahya, Yahya ya tambaye shi yaya gona, tunda Inna ta ce akwai mai a ɗaki shi ya ba wani maƙwabci man da ya ajiye.

Ina kan sallaya bayan la'asar ya shigo. Ya jira na shafa addu'a. Ya durƙusa yadda ya saba, ya ajiye wani abu a bakin sallayar.

"Inna, ga makullin motarki."

Ya tashi ya fita. Da faɗa ya yi da na fi so.

*

Yanzu ƙwadago yake yi a gonakin rake na mutane, yana fita da fartanya a kafaɗa, yana bi ta gefen motar ba ya kallonta. Dillalai biyu sun zo, suka zagaya ta, suka ce filogi shida yanzu ba mai so, suka tafi.

'Yan tumatirin da suka riga suka ƙulla kafin ƙishin, ƙanana ne kamar goro, ba mai saye. Matar Ja'afaru ta tsinto su ta yanyanka don a shanya. Ita ta gano baƙin ƙarfen nan yana ɗaukar zafi fiye da tabarma, kwana biyu sun bushe. Ta baza su a kan motar, gaba da sama, jajir. Ban hana ta ba, ba ni da bakin hanawa.

Larabar da ta wuce ina tsaye ina jujjuya su, 'yar jar motar ta fito. Mero tana gaba, gilashi a sauke, iska na kaɗa mayafinta. Yahya ya taka birki.

"Yaya, za mu Makarfi, ko za ki?"

Na ce su je, Ja'afaru zai kai ni anjima.

Ta kalli tumatirin da ke kan motar, ta kalle ni, ta ce, "To, Yaya."

Na bi ƙeyarta da ido har suka sha kwana. Ruwan tumatir ya gangaro ya bushe a jikin ƙofa, ta ɓangaren da ke kallon zaurensu. Na kama bakin mayafina, na tofa yawu kaɗan, na goge shi har ya yi ƙyalli.