Wa'adin Makullin Dogo

Jan rubutu ne ya tarye ta a allon kwamfuta da safiyar Asabar: ba a amince da sa hannun ba, wa'adin makulli ya cika. Kwamfutoci arba'in na ɗakin jarrabawa sun ƙi karɓar sabuwar manhaja, ga shi ranar Litinin ɗalibai za su zauna.

Injiniya, kamar yadda kowa ke kiranta a kwalejin, ta duba kwanan watan na'urar, daidai yake. Ta sake sauko da makullin daga ma'ajiyar manhajoji, jan rubutun ya dawo. Ba ta da wanda za ta ce wa zo ka gani. Shekara biyu ke nan ita kaɗai ce a ofishin, tun da shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da Dogo, abokin aikinta. Shi ya ƙirƙiri makullin da suke sa wa manhajojinsu hannu da shi, kuma shi kaɗai ya san kalmar sirrin da za a ƙara masa wa'adi da ita.

Ta daɗe tana jujjuya wayar kafin ta kira. Matarsa ce ta ɗauka.

"Ƙanwarmu, ashe ana tunawa da mu? Bari in kara masa a kunne."

Kunya ta kama ta. Rabonta da gidan har ta manta. Muryar Dogo ta fito da nauyi, harshen na sarƙewa.

"Kalmar... dakata. Ga ta nan a bakina."

Ya faɗi uku. Ba wadda ta buɗe.

"Bar shi, Yaya, kada ka wahalar da kanka. Akwai wata hanyar."

Hanyar mai tsawo ce. Ta haɗa sabon makulli, ta bi kwamfutocin ɗaya bayan ɗaya tana shigar da shi, tana gwada lambobin shaidarsa harafi-harafi da na takardar hannunta. Ba motsin kowa a benen sai ƙarar takalminta. A tsaye ta ci abincin rana. Da yamma ta arba'in ɗin ta karɓi manhajar, ba gardama.

Tana tattara jakarta wayar ta yi ƙara.

"Tun safe ya ƙi cin abinci," in ji matar, a hankali. "Ya cika takarda da kalmomi, da hannun hagu. Wai ki gwada waɗannan."

Injiniya ta dubi allon. Aiki ya riga ya ƙare. Ta ajiye jakar, ta zauna, ta buɗo tsohon makullin.

"Ina jin ka, Yaya. Ba ni ta farko."