Infoman Farfesa Datti

Ranar Juma'a za a rufe karɓar takardu, sai ranar Talata Hammawa Babayo ya samu ƙarfin halin tuɓe takalmansa a ƙofar ofishin Farfesa Datti.

Wata gidauniya ce ta ba da gurbi guda na karatun digiri na biyu a Ingila ga wanda ya karanta harsuna. Hammawa ya cika komai, saura takardar shaida daga malamin da ya koyar da shi. Shekara biyu ke nan da gama jami'arsa, yana koyarwa a wata sakandare a unguwar Rikkos, cikin Jos, alli ya busar masa da yatsu. In wannan gurbi ya wuce shi shi ke nan, don baɗi shekarunsa sun haura ƙa'ida.

Datti kuwa ba baƙonsa ba ne. Tun yana Dokta, Hammawa ne ya kashe hutu uku yana bin rugage da rikoda a kafaɗa, yana tattaro masa sunayen da Fulani ke kiran shanu da su: mai fari a goshi, mai karkataccen ƙaho, wadda ba ta yarda a tatse ta. Har innarsa Jummare sai da ta gaji da tambaya. Ya rubuta, ya fassara, ya jera a kati fiye da dubu. Littafi ya fito, Dokta ya zama Farfesa, sunan Hammawa ko a shafin godiya babu. Bai taɓa ɗaga maganar ba, saboda kunyar nan ta Fulani da ta sa mutane da yawa barin haƙƙinsu a hannun marasa ita.

Awa biyu aka bar shi a benci kafin a ce ya shiga. Ya durƙusa ya yi gaisuwa.

"Ranka ya daɗe, Hammawa ne."

"Wane Hammawa?" Farfesa bai ɗago daga jarida ba. Can ya leƙo ta saman tabarau. "Au, ɗan Fulanin nan. Kana nan ashe. Ina shanu?"

Hammawa ya yi murmushin dole, ya kewaya ya kewaya kamar yadda aka rene shi, da ƙyar ya kai ga abin da ya kawo shi. Farfesa ya karɓi fom ɗin yana dubawa a wulaƙance, har idonsa ya kai inda Hammawa ya rubuta abin da yake so ya yi bincike a kai: sunayen shanu a bakin Fulanin Filato. Ya ga kuma jami'ar da za a tura shi, can inda wani Bature da ya yaba wa littafin Farfesan yake koyarwa. In yaron ya je can, za a gane wanda ya yi ainihin aikin. Sai ga fara'a ta sauko masa, har da cewa a kawo wa baƙo shayi.

"Ai kai namu ne. Ka dawo jibi."

Ranar Alhamis aka miƙo masa ambulan a liƙe, da hatimi a baki. Hammawa ya kai ta ofishin gidauniyar da hannu biyu. Farin cikinsa ya kai har ya aika wa innarsa saƙo ta bakin masu nono cewa Malam ya yi masa komai.

Bayan mako biyu aka kira shi ganawa. Mutum uku ne a bayan tebur, shugabansu wani Mista Pwajok, dattijo mai furfura wanda kowa a garin ya san an kori ɗansa daga jami'a bara, bayan tarzomar ɗalibai, sa'ad da wani ya kai wa hukuma sunayen waɗanda suka shirya ta. Har yau ba a san ko wane ne ba.

Pwajok ya warware takardar ya karanta, ya sake karantawa, sannan ya ajiye ta a hankali.

"Malam Hammawa, oga naka ya yabe ka sosai. Ya ce shekara uku kana yi masa aikin infoma, kuma duk abin da ya tambaye ka kana kawowa, ba ka taɓa ɓoye suna ko ɗaya ba."

Hammawa ya ɗago kai da sauri. Ya nemi a nuna masa, aka juyo masa takardar daga nesa. Kalmar na nan a layi na biyu, ta Turanci, wadda masu nazarin harshe ke kiran mutumin da suke ɗaukar kalmomi a bakinsa da ita. Harufa kaɗan ne a ƙarshe suka raba ta da infoma, mai kai wa hukuma rahoto. A aji kowa ya san ma'anarta. Amma a Jos ta wannan shekara ma'ana ɗaya kunne ke ji. Kuma daga farkon takardar har ƙarshenta babu inda aka kira shi ɗalibi, babu inda aka ambaci saniya.

"Ranka ya daɗe, sunayen shanu ne," in ji Hammawa.

"Shanu," in ji Pwajok. "To, ɗana ma yana cikin shanun. Ka iya tafiya."

Daga nan bai zarce ko'ina ba sai jami'a. Wannan karon ba a bar shi a benci ba, kamar dai ana jiransa. Ya durƙusa inda ya durƙusa wancan karon.

"Ranka ya daɗe, kuskure aka samu. Kalma ɗaya ce suka fahimta a karkace. Da za ka taimaka da layi biyu, ka ce ni ɗalibinka ne, kuma aikin littafin nan ne muka..."

"Muka?" Farfesa ya cire tabarau yana gogewa da bakin riga. "Kai da wa?"

Hammawa ya sunkuyar da kai.

"Wace ƙarya na yi a takardar? Ka kawo mini sunaye ko ba ka kawo ba?"

"Na kawo."

"To. Ka kuma daina cewa kuskure. Shekara ashirin ina koyar da harshe, ɗan Fulani. Kalma ba ta suɓuce mini."

Ya mayar da tabarau ya jawo jaridarsa. Hammawa kuwa ga maganganu fal cikinsa, na shekara biyar. Ya buɗe baki, abin da ya fito shi ne abin da aka koya masa tun yana bin maruƙa.

"Na gode, ranka ya daɗe."

Ranar Litinin da ya shiga ɗakin malamai a makarantarsu, ashe labarin infoma ya riga shi isa, hira ta tsaya cak. Wanda suka saba cin ƙosai tare ya tattara littattafansa ya koma wani tebur.