Cikin da Aka Ɗaure da Gyale

Kunthea ta ɗaga ƙafa daga kan keken ɗinki, ta cusa hannu ƙarƙashin riga kamar mai susa. Shiru. Tun jiya da rana yaron da ke cikinta bai motsa ba, shi da ya saba harbinta da zarar injina sun tashi.

Cikin nata wata bakwai ne, kuma kullum da safe sai ta naɗe shi tamau da gyale kafin ta hau motar ma'aikata. A wannan masana'antar tufafi ta bayan birnin Phnom Penh, takardar aiki ta wata uku-uku ce. Ba a korar mai ciki, ina! Sunanta ne kawai yake ɓacewa ranar da ake sabunta takarda. Awo kuwa ko sau ɗaya Kunthea ba ta je ba. Fita sai da izini, izini sai da dalili, dalilin kuma shi take ɓoyewa.

Chanthou, mai keken da ke kusa da nata, ta karkato.

"Ke, kin yi fari fat kamar dafaffen kifi. Har yanzu?"

"Har yanzu, Yaya."

"Kin sha ruwan rake da ƙanƙara? Yana tashe su."

"Kofi biyu."

"To uban me kike jira? Tashi ki tafi asibiti!"

"Yau ake dangwala yatsa a sabuwar takardar aiki, Yaya, ƙarfe biyu. In na dangwala, haihuwa za ta same ni ina ma'aikaciya, dole su ba ni hutu da rabin albashi."

"In kuma kafin ƙarfe biyun..."

"Kar ki ƙarasa!"

Chanthou ta ja tsaki, ta koma kan ɗinkinta. Ta san sauran zancen Kunthea: uwa da ƙaramar 'ya a ƙauye, gonar shinkafa da ruwa ya cinye, miji a jirgin kamun kifi can Thailand, wata biyar ko waya.

Kunthea ta ci gaba da haɗa hannun riga. Tsoro ne ya cika ta. A zuci take lallashin yaron: yi haƙuri, awa huɗu kawai, ko sau ɗaya ka harbe ni. Lokacin cin abinci ya yi, shinkafarta ta huce a leda ba ta taɓa ba.

Ƙarfe biyu aka ja layi gaban Ravy, shugabar sashensu. Da Kunthea ta iso, ta miƙa babban yatsa. Ravy ba ta turo mata tawada ba.

"Babu sunanki, ƙanwata."

"Duba da kyau, Yaya Ravy. Shekarata huɗu a nan."

Ravy ta rage murya. "Katin da ake karɓa in za a je bayi ne ya tona ki. Sau bakwai a wuni, wa za ki ruɗa? Sati uku ke nan da ofis suka cire ki."

"Sati uku? Kina kallona ina ɗaure cikina, ba ki faɗa mini ba?"

"Cewa aka yi a bari sai an gama kayan da za a loda. Ni ma 'ya'ya gare ni."

Kunthea ba ta yi kuka ba, babu lokaci. Ta nufi ƙofa, mai gadi ya buɗe mata, ko takarda bai tambaya ba.

A bakin titi, gaban masu sayar da mangwaro, ta warware gyalen. Cikin ya fito fili, duk shatin ɗauri. Ta tare mai tuk-tuk, babur ɗin haya mai ƙafa uku.

"Asibitin awo, Kawu. Yi sauri!"

Tsohon ya dubi cikin, ya dubi fuskarta. "Masu awo sun tashi tun kafin azahar, 'yata. Sai dai babban asibiti."

"Ko'ina ne."

Ta zauna, ta tallafe cikin da hannu biyu. Duk ramin da suka faɗa sai ta ji kamar yaron ne ya motsa, ta ɗauke numfashi, tana jiran motsi na biyu.