Rigar da na ƙona

Har yau in na ji ƙamshin sitaci a kan zafin dutsen guga, sai Baba ya faɗo mini a rai. Shagonsa na wanki da guga ɗan ƙarami ne: tebur ɗaya da aka shimfiɗa wa tsohon bargo, igiyar rataye kaya, da kwanon ruwan da yake yayyafawa da yatsu. A ƙarƙashin teburin nan na girma, ina kallon ƙafafunsa, ina jin bakinsa yana ta motsi.

Baba ba ya guga shiru. Duk rigar da ya shimfiɗa, sai ya yi wa mai ita addu'a, kuma da tsarinsa. Daga kwala yake farawa, ya roƙa wa mutum hankali. Ya gangaro aljihun ƙirji, ya ce Ubangiji ya tsare zuciya. Hannuwa na aikin mutum ne, baya kuwa na nauyin da yake ɗauke da shi wanda bai faɗa wa kowa ba. Direban bas, malamar asibiti, har mai gidan hayarmu da ke mana barazanar kora duk wata, kowa yana samun rabonsa.

"Baba, har da wannan mugun?" na taɓa tambayarsa.

"Auta, shi ya fi kowa bukata. Ba ki ga yadda kwalarsa take baƙi ba?"

Mama kan ce da addu'a ake biyansa da tuni mun gina bene. Shi dai sai ya yi dariya, ya hura gawayin dutsen guga.

Na yi aure, na haihu, sannan ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kayar da shi. Hannun dama ya mutu, harshe ya yi nauyi. Mama ta riga ta rasu, don haka na ɗauko shi zuwa gidana, yayana kuma ya karɓi shago, ya sayi dutsen lantarki da rediyo. Likita ya ce Baba zai iya tashi in zai ci abinci. To, a nan gizo ke saƙa. Baba ya juya fuska bango, ya ƙi ci. Fasto ya zo, 'yan majami'a suka cika ɗaki da waƙa, Baba ya ce amin a ciki-ciki, ya koma ga bangonsa. Na lallashe shi, na yi kuka, na yi faɗa, duk a banza. Ina kallo wuyansa yana ramewa, tsoro ya kama ni sosai.

Wata ranar Asabar da hantsi, don kada in bar shi shi kaɗai, na jawo teburin guga cikin ɗakinsa. Na shimfiɗa rigar maigidana, na kama ta daga ƙasa yadda na saba, don ni sauri nake. Sai na ji gurnani a bayana. Baba ya juyo, ido jajur, yana nuna rigar da hannun hagu.

"Haba Baba!" na ce. "Abinci ka ƙi ci, amma kana da ƙarfin duba mini guga?"

Ya yi ta kokawa da harshensa. Da ƙyar kalma ta fito: "Kwala."

Na tsaya da dutse a hannu. Na juya rigar, na ɗora a kwala. Bakinsa ya fara motsi. Ban ji rabin abin da yake faɗa ba, amma na ji sunan maigidana, na ji "hankali". Na gangara aljihu, ya bi ni. Ashe mutumin nan, duk addu'ar da muke ta zuba masa, shi kewar yi wa wasu yake.

Ko mayafi ban tsaya nema ba, na tafi shago, na kwaso kaya cike da kwando. Yaya yana ta kira, "Ke, na mutane ne fa!" Na ce ai shi ya sa. Baba ya gane kowace riga tun kafin in buɗe ta. Da na ɗago ta direban bas, ya daɗe a kan hannuwa har na gaji da tsayuwa.

Can ƙasan kwandon na tarar da farar rigarsa ta zuwa majami'a, tana shago tun ranar da ya faɗi. Na shimfiɗa ta, na jira. Ya girgiza kai.

"Ba na yi wa kaina," ya ce a hankali. "Ke."

Ni kuwa ban taɓa yin addu'a da ƙarfi a gabansa ba, kunya nake ji. Na fara a kwala. Aljihu ya wuce lafiya. Da na zo hannun dama sai magana ta ƙare mini. Na tuna hannun nan yana yayyafa ruwa, yana ɗaga ni sama in rataye kaya. "Yesu, ka ga hannun nan," na ce, ban iya ƙarawa ba, hawaye kawai. Ƙauri ne ya dawo da ni. Na ɗaga dutse, ga shatinsa ja a kan farin yadi.

Baba, wanda bai taɓa ƙona ko hankici ba, ya dubi tabon, ya dube ni. Kafaɗunsa suka fara rawa. Dariya yake, da rabin baki, har da tari.

"Amin," ya ce. "Ya ji. Har hatimi kin buga."

Sannan ya nuna kwanon abincin da ke gefen gado tun safe, ya ce ya huce, in ɗumama masa.

Hannun bai taɓa dawowa ba. Amma Baba ya ƙara shekaru tare da mu, yana zaune kusa da teburina kowace Asabar, kuma da rigar nan yake zuwa majami'a, ya hana a sake masa wata. In aka tambaye shi tabon, sai ya ɗaga hannun daman da na hagu, ya ce, "A nan Auta ta tsaya."