Kwana Tara Ana Roƙon Kyanwa

Yau kwana uku ke nan Auta ta ajiye salla. Ba mantuwa ba ce kuma. Da bakinta ta faɗa, yarinya 'yar shekara takwas, wai ta yi fushi.

"Fushi da wa?" in ji uwarta, ta ɗage ƙafa daga keken ɗinki.

"Mama, ke kika ce in roƙa. Kwana tara ina roƙo, har da kuka a sujada. Ina kyanwata?"

Uwar ta yi salati, ta zare ido, ta yi faɗa har muryarta ta dishe. Auta ko gezau. Yarinyar da take shimfiɗa ɗan ƙyallenta kusa da dardumar uwarta tun ba ta iya Fatiha ba, yanzu in an kira salla sai ta haye buhun ƙyallaye, ta harɗe hannu, ta turo baki.

Abin da ya fi ƙona wa uwar rai shi ne ta san inda kyanwar take sarai, don ita ta kai ta. 'Yar banzar ta hau teburin yanka ta yi wa leshin wata mata kaca-kaca da farce. Ranar, Auta na makaranta, uwar ta cusa ta a kwali ta kai wa ƙanwarta can ƙarshen gari. Da yarinya ta dawo tana ihu, ga aiki ya sha wa uwar kai, sai ta sallame ta da abin da ya fara zuwa bakinta: "Ɓata ta yi. Je ki roƙi Allah Ya dawo miki da ita." A zatonta kwana biyu an manta. Ina ta san za a riƙe maganar haka?

Babu dabarar da ba ta gwada ba. Ta ce wani lokaci Allah kan jinkirta amsa. Auta ta ce kyanwa ba ta jure yunwa. Ta ce za a samo wata. Auta ta ce ba wata ta roƙa ba. Da uwar ta kai wa mijinta ƙara, dariya ya yi har da riƙe ciki. "Ke kika ƙulla, ke za ki kwance," ya ce, ya sa takalminsa ya fice. Ta ji kamar ta bi shi da almakashi.

Washegari da hantsi ta rufe shago, ta shiga mota biyu, ta dawo da kwali yana kuka a cinyarta, fasinjoji na harararta, ga yaƙushi a bayan hannu. A hanya ta shirya za ta saki kyanwar a ƙofar gida, a ce da kanta ta dawo. Amma da ta iso sai ta kasa. Wata ƙaryar kuma, da sunan Allah? Kunya ta kama ta.

Ta dire kwalin a gaban Auta. "Ga jarabarki nan. Ba ɓata ta yi ba, ni na kai ta gidan Anti, na yi miki ƙarya. Allah bai yi miki komai ba."

Auta ta rungume kyanwar. Uwar ta tsaya tana jiran kuka.

"Mama, to wa ya sa kika je kika ɗauko ta?"

"Fitinarki mana!"

"A'a, Shi ne. Ashe tun ranar farko Ya ji ni. Ke ce kika yi ta yi Masa taurin kai."

Ta ajiye kyanwar, ta ɗauki buta. A bakin ƙofa ta waiwayo.

"Zan rama sallolina. Ke ma ki taso, Mama, ki ba Shi haƙuri."

Kyanwar kuwa har ta haye teburin yanka. Uwar ta kalle ta, ta ƙyale ta, ta bi bayan 'yarta.