Ledar Koren Wake

Shekara goma sha tara Orysia Pawluk ta yi tana saukar 'yan hokin ƙanƙara a gidanta. Haka ake yi a Willow Bluff: ƙungiyar matasan garin ta ɗebo 'yan shekara sha shida daga nesa, a rarraba su gida-gida, suna wasa suna makaranta. Goma sha huɗu ne suka ci girkinta. Yawancinsu yanzu motar noma suke ja. Amma biyu daga ciki, Rylan Sawatzky da Corbin Bellegarde, waɗanda suka yi shekara uku a ɗaki ɗaya a ƙasan gidanta, bana suka shiga babbar gasar ƙwararru, kowa da ƙungiyarsa. Kuma duk inda aka tayar da zancen wanda zai ɗauki lambar gwarzon sababbin shiga, sunayen nan biyu ake ja. Tun daga nan kan Orysia ya yi girma. Ko burodi ta je saye sai ta san yadda ta cusa "yarana" a cikin hira.

Gardamar a kantin filin ƙanƙara take zama, inda tsofaffi ke shan gahawa da safe suna gyara duniya. Mafi yawa Rylan suke yi. Ɗan gaba ne, ya jefa faifai, wato ƙwallon wasan, a raga sau talatin da ɗaya, kullum ana nuno shi a talabijin yana murmushi da haƙoransa cikakku. Corbin kuwa ɗan baya ne, ci huɗu kacal, ga haƙori biyu babu. Aikinsa shi ne idan abokin gaba ya ɗaga sanda zai narka faifan nan na roba mai taurin dutse, ya zube a gabansa ya tare da jiki. 'Yan tsirarun da ke bayansa sukan ce a duba wannan, sai a bushe musu da dariya.

Orysia tana jin su. Tana da nata ma'aunin, kuma a firiza yake. Duk yaron da ya dawo daga wasa da kumburi, sai ta ciro ledar daskararren koren wake, ta rubuta sunansa a jiki da baƙin alƙalami, ya ɗora a wurin, in ya gama a mayar. Ledar Corbin sai da aka yi ta sakewa, don waken yakan narke ya daskare har ya koma gari. Rylan kuwa har ya bar gidan ba a taɓa rubuta masa leda ba.

Sai dai gaskiyar da ba ta taɓa faɗa wa kowa ba, Rylan ta fi so. Shi ke taya ta naɗa firogi, ƙullun fulawar nan da ake cusa wa dankali, yana zuba surutu, shi ya kama akwatin gawar mijinta Taras yana kuka kamar ubansa ne ya rasu. Tun da ya tafi, duk ranar Lahadi ƙarfe biyu na rana sai wayarta ta yi ƙara, ko yana wace uwa duniya. Corbin sai Kirsimeti yake kira, ya yi kalma uku ya ajiye. Kiran Lahadin nan shi ne abin da take jira tun daga Litinin.

Wata Laraba Lorne Dyck, mai shirin wasanni a ƙaramin gidan rediyon garin, ya zo kantin da makirfonsa ya tsare ta da tambayar wa ya fi cancantar lambar a cikin yaranta biyu. Ta riga ta shirya amsa tun a gida: duka biyun nata ne, uwa ba ta zaɓe. Ta faɗi haka kuwa, aka yi tafi. Da Lorne ya yi shiru da an rabu lafiya. Amma Lorne mutum ne da bakinsa ke riga kansa tashi. Ya juya ga jama'a ya ce ai maganar a fili take, kwanciya a kan ƙanƙara ko karensa ya iya.

Ran Orysia ya ɓaci. Ta fizge makirfon.

"Kai Lorne, ka taɓa ganin cinyar mutum ta koma launin gauta? Ni na gani, a kan kujerar falona. Corbin ya kusa ƙarar min da waken garin nan. Rylan kuwa in ya buɗe firizata, to askirim yake nema. Kuna son in faɗa? Corbin ne."

Kafin ta kai gida ta san ta ɓaro ruwa. Zuwa Juma'a muryarta ta zaga ƙasar, har manyan tashoshi suna sakawa suna dariyar askirim. Ba ta yi nadamar zaɓin ba, don abin da ta yi imani da shi ta faɗa. Abin da ya dame ta, ta mai da yaronta abin dariya a idon duniya. Ranar Lahadi ta dawo daga coci da wuri, ta zauna kusa da waya. Ƙarfe biyu ta yi, uku ta wuce. Ta ɗaga wayar ta saurara ko layi ne ya lalace. Layi lafiyarsa lau. Ta yi kuka, ta kuma ji haushin kanta da ta yi kukan.

Asabar ɗin da ta biyo baya da rana aka yi wasan ƙarshe na ƙungiyar Rylan, wanda in sun ci su wuce zagayen fidda gwani. Garin kaf ya hallara a kantin, gaban babbar talabijin. Orysia ta zauna can baya da jakarta a cinya. Saura minti ɗaya, su Rylan na gaba da ci ɗaya, sai wani ƙaton ɗan bayan abokan karawa ya sami faifai shi kaɗai, ya ɗaga sanda har bayan kunne. Rylan ne kusa da shi. Kowa ya san abin da ɗan gaba mai tsada yake yi a nan: ya miƙa sanda, ya ɗan kauce. Sai yaron nan ya zube a gabansa. Har a talabijin an ji ƙarar da faifan ya yi a idon sawunsa.

Kantin ya kaure. Wasu na cewa jarumi, wasu na cewa ya haukace, wa ya aike shi. Lorne ya waiwayo ya zuba wa Orysia ido. Ita ba ta ma san yana yi ba, tana tsaye hannu a ƙirji tana kallon Rylan yana jan ciki zuwa benci. Tsoro ya kama ta, don ta san wanda ya aike shi: maganarta ce. Sai da ta ga ya miƙe da ƙafa ɗaya yana buga sanda a katako lokacin da aka tashi wasa, sannan ta zauna. Alfahari ya cika ta.

Washegari ƙarfe biyu daidai waya ta yi ƙara.

"Mama, akwai wake?"

"Kai ba ka da hankali? Ƙafar da kake cin abinci da ita?"

"Ba ta karye ba. Ta dai yi kamar kabewa. Ke fa kika faɗa wa ƙasa guda askirim nake sha." Ya sauke murya. "Na yi fushi, Mama. Kwana goma ina yi. To yanzu fa? Har yanzu Corbin ne?"

Ƙarya ɗaya za ta yi a wuce wurin, kuma ta so ta yi. Ta runtse ido.

"Sau ɗaya ka tare fa, ɗana. Shi bana ya yi ɗari biyu."

Ta zaci zai ajiye wayar. Sai dariya ta ɓarke a kunnenta, irin tasa ta wajen naɗa firogi.

"Na sani. Da kin canza baki, da ban ƙara yarda da ke ba. Ki ajiye min tawa, ina nan tafe in an gama gasa."

Da suka yi sallama ta sauka ƙasa, ta buɗe firiza, ta ciro sabuwar leda. Alƙalamin ya bushe, sai da ta hura masa iska sau biyu. Ta goge raɓar da gefen rigarta, ta rubuta RYLAN da manyan baƙaƙe, ta ajiye ta kusa da tsohuwar ledar Corbin.